Zane Arba'in, Fuska Ɗaya

Mita ba sunansa ba ne, aikinsa ne. Shekara goma sha ɗaya yana bin gida-gida yana karanta mitar ruwa, har sunan ya manne masa ya kori na gaskiyar. Aikin ba ya wuce sha biyun rana. Daga nan zuwa yamma ba shi da abin yi sai ra'ayi, ra'ayi kuwa Allah ya hore masa shi.

Wata rana ya shigo gida da littafin zane mai kauri da fensir shida, ya shaida wa matarsa cewa ya gano abin da aka halicce shi dominsa. Mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana leƙa tsakar gidajen jama'a, in ji shi, ya fi kowa sanin rayuwa, abin da ya rage kawai ya ɗora ta a takarda. Matar tana yanka albasa. Ta tambaye shi ko cikin abin da aka halicce shi dominsa har da gyaran famfon banɗaki da ya kwana tara yana ɗiga. Ya ce mata matan manyan masu fasaha duk da irin wannan tambayar suka fara.

Matsalar farko da ya gamu da ita ita ce mutane ba sa tsayawa wuri ɗaya. Kafin ya gama kunnen mai keke, mai keke ya sha kwana. Kafin ya fito da hancin mai shara, mai shara ya juya masa ƙeya. A duk layin mutum ɗaya ne ya san darajar zama shiru, wato surukinsa, Baba Mai Bene, mahaifin matarsa kuma mai gidan da suke zaune a hawa na biyu. Kullum bayan abincin rana Baba yakan fito da kujerarsa ƙofar gida, ya ɗora hannuwa a ciki, ya ce zai ɗan sha iska. Cikin minti biyar iskar ce ke shansa.

Wata uku Mita ya yi yana zana Baba yana gyangyaɗi. Ya cinye littafi biyu. Ya haddace faffaɗan goshin nan, da hancin da ya ɗan karkata hagu, da kunnen dama da ya fi ɗan'uwansa buɗewa, da leɓen ƙasa mai sakewa, da idanu rabi a rufe. A ƙarshen wata na uku yana iya fito da Baba cikin minti huɗu ko bai ɗaga kai ba. Nan ya yanke hukuncin cewa ya gama koyo.

Ana haka sai mai gyaran waya da ke ɗan shagon ƙarƙashin matakalar benen ya tashi ya koma babban titi. Shagon bai fi taku biyar ba, amma yana da ƙofar gilashi da fitila biyu, kuma tun ranar da Mita ya leƙa ya ga bangonsa fari fes bai ƙara samun sukuni ba. Ya je ya durƙusa gaban Baba ya ce yana so ya buɗe wurin nuna zane, na farko a duk yankin. Sai dai ya tarar an riga shi durƙusawa. Tela, wanda shagonsa ke jikin wancan, kuma don ƙanƙanta sai ya fito da mutum waje yake auna masa wando, shi ma yana so ya fasa bango ya haɗe su.

Baba ba mai son ɓata wa kowa ba ne, musamman da rana tsaka. Ya ce su bari sai Asabar ɗin ƙarshen wata, wanda ya nuna masa cewa layin zai fi amfana da shi, shi zai miƙa wa makulli.

Tela ya ce shi ba shi da abin nunawa sai keken ɗinki biyu da ke jingine a gida suna tsatsa. Mita ya yi masa kallon tausayi, ya sanar a gaban kowa cewa zai zana rayuwar layin nan kaf, zane arba'in cikin mako uku, ya rataye su a jikin bangon benen, kowa ya zo ya ga kansa.

Da mai aski ya fara. Ya zauna a bencin jira ya ce kada kowa ya kula shi, a ci gaba da rayuwa kamar ba ya nan. Bayan rabin awa ya miƙe ya juyo da takardar. Mai aski ya goge hannu ya karɓa, ya duba, ya matsa bakin ƙofa inda haske ya fi yawa ya sake dubawa.

"Yaushe Baba ya koyi aski?"

Mita ya ce wannan ai shi ne, ga rigar aikinsa, ga injin a hannu.

"To shi wanda ake askewa fa?"

"Mutumin da ya fita yanzu."

"Shi ma Baba ne. Kuma mu biyun barci muke yi. Ni da inji a kan mutum."

Mita ya karɓe takardarsa, ya bayyana masa cewa idon da ya saba da madubi ba ya gane zane, don madubi yana nuna fata ne kawai, shi kuwa zane yana nuna abin da ke ciki. Mai aski ya ce bai taɓa sanin surukin wani yana cikinsa ba, amma ya gode da aka sanar da shi.

Washegari ya je wurin mai tumatir, wata mata mai faɗa da ke kasa kayan miya a bakin layi. Ta yarda da sharaɗin ba zai tsaya mata gaban tire ba. Har ta gyara ɗankwali, ta zauna daidai, ta kori ƙuda. Da ya nuna mata, ta ƙura wa takardar ido. Ɗankwalin ya fito, 'yan kunnen sun fito, tumatir ɗin ma ba laifi. A tsakaninsu Baba Mai Bene ne zaune da zani, yana gyangyaɗi a kan kwando.

Ta tambaye shi a hankali ko akwai abin da ta taɓa yi masa. Ya ce babu. Ta ce to ya tashi tun tana ganinsa da mutuncin matarsa. Yana tafiya wani abu mai laushi ya same shi tsakanin kafaɗu. Da ya isa gida ya ce wa matarsa jan da ke bayan rigarsa alama ce cewa aikinsa ya fara taɓa zukatan mutane.

Matar ta ɗauki littafin ta buɗe shafi-shafi. Ta ga mahaifinta yana tura baro. Ta gan shi yana tsalle da igiya cikin rigar makaranta. Ta gan shi su uku a kan babur ɗaya, direba da fasinja biyu, dukansu idanu rabi a rufe.

"Maigida, ka san dai wannan ubana ne ko?"

Ya ce 'ya mace duk inda ta duba ubanta take gani, wannan sananne ne a ilimin halayyar ɗan Adam. Ta ce ita dai a gidan nan aka haife ta, kuma tana so ta ci gaba da zama a cikinsa. Ya ce za ta zauna, har ma ta riƙa saukowa tana karɓar baƙi a wurin nuna zane.

Duk da haka maganar ta ɗan tsaya masa a rai, don haka ya ɗauki matakai. Da farko ya koma zana mutane ta baya. Ya bi mai kanti yana jera kwalaye, ya zana ƙeyarsa. Mai kanti ya duba ya ce ƙeyar ta yi kyau, sai dai kunnen dama ya buɗe irin na wani dattijo da ya sani. Daga nan Mita ya nufi garejin bakanike, ya same shi kwance ƙarƙashin mota, ƙafafu kawai a waje. Nan kam ba fuska, ba ƙeya, ba kunne. Ya zana ƙafafun ya gama, ya ga gefen takardar ya yi fili da yawa, sai ya ƙara kan bakanike yana leƙowa ta ɗaya ɓangaren motar. Bakanike ya fito ya duba, ya ce bai san Baba yana da tsawon da zai ratsa mota ba, kuma a tashe shi kafin a sauke jak.

Ya gwada jariri a bayan uwarsa. Ya gwada kyanwar mai kanti a kan katanga. Kyanwar ta fito da jela da gashin baki da komai, amma hancinta ya karkata hagu.

A mako na biyu ya samo maganin abin gaba ɗaya. Tunda jama'ar layin ba su da tarbiyyar kallon zane, sai a taimaka musu. Ya riƙa rubuta sunan kowa a ƙasa da manyan baƙaƙe, ya ja kibiya daga sunan zuwa fuskar. MAI ASKI. MAI TUMATIR. KYANWA.

Mutum ɗaya ne bai taɓa kushe aikin ba, shi ne Tela. Kullum Mita ya wuce sai ya kira shi ya ga na yau, ya riƙe takardar da hannu biyu, ya gyaɗa kai. Ya ce shi bai taɓa ganin hannu mai tsayawa kan magana ɗaya irin wannan ba. Ya ba shi igiya mai tsawo da allurai kwali guda kyauta don rataye zanen, ya kuma ba shi shawarar kada ya nuna wa Baba ko ɗaya kafin ranar, don abin ya zo masa ba zato. Mita ya gaya wa matarsa cewa Tela ya riga ya karaya. Ta ce eh, ta ga alama, jiya ma ta gan shi yana auna ƙofar shagon da tef.

Asabar ta zo. Tun da hantsi Mita ya ja igiya daga wannan kusurwar benen zuwa waccan, ya jera zane arba'in, ya sa farar riga, ya soka fensir a bayan kunne. Kafin ƙarfe goma layin ya cika, har da mutanen layin baya da labari ya kai musu. Ba wanda ya yi dariya da ƙarfi. Mutane suna bin igiyar a hankali, hannu a baki, kafaɗu na rawa. Mita ya gaya wa na kusa da shi cewa haka ake yi a manyan wurare, ba a hayaniya gaban zane.

Sai ga Baba ya sauko, makullin shagon a hannunsa, Mama matarsa tana biye da shi. Aka buɗa musu hanya.

Baba ya tsaya gaban na farko, ya ga kansa yana aske kansa. Ya karanta sunan da ke ƙasa, ya bi kibiyar da ido, ya dawo kan fuskar. Ya matsa na biyu, ya ga kansa da ɗankwali. A na bakwai yana goye a bayan wata mata wadda ita ma shi ce. A na sha biyu yana kan katanga da jela. Mita yana biye da shi yana bayani kan haske da inuwa.

A na sha tara Baba ya tsaya ya tambaya, ba tare da ya juyo ba, ko duk layin nan ba wanda ke farke.

Mita ya ce salo ne, yana nuna gajiyar talaka.

Baba ya ce to. Abin mamaki, bai yi fushi ba. Har gefen bakinsa ya ɗan motsa a wurin babur mai mutum uku, ya ce wa Mama ashe shi ne ke riƙe da layin nan bai sani ba. Makullin yana kaɗawa a yatsansa. Tela, da ke tsaye a bakin shagonsa, ya fara daina murmushi.

Mama ce ta riga shi isa na ashirin da bakwai.

Wannan ya bambanta da sauran. Mutumin ciki yana zaune kan akwatin kwalabe a lungun bayan kanti, kwalbar lemo a hannun dama, yankan kek a hannun hagu, wata kwalbar da aka shanye a gefen ƙafarsa. Idanunsa a buɗe tar, yana leƙen hanya. Kuma shi kaɗai ne ba suna a ƙasa, don a ganin Mita wannan fuskar ba ta bukatar bayani.

Duk layin ya san shekara biyu ke nan likita ya raba Baba da sukari. Duk layin ya san Mama ce ke auna masa abinci da cokali, ita ke riƙe da takardar asibiti a jakarta, ita ta bi kanti-kanti ta ja wa kowa kunne. Mai kanti ya fara ja da baya yana neman inda jama'a suka fi kauri.

"Wannan fa?" in ji Mama.

Baba ya ƙaraso ya duba. Makullin ya daina kaɗawa. Amma mutumin da ya gina bene ba ya rasa dabara a tsaye. Ya yi 'yar dariya ya ce ai wannan mai aski ne.

Mai aski bai ɓata lokaci ba. Ya ce shi ne, Mama, shi ne da kansa, kullum yakan ɓuya a lungun nan ya sha lemo don kada abokan aiki su roƙa. Bakanike ya ce ya sha ganinsa. Mai tumatir ma, wadda ba ta taɓa goyon bayan kowa a kan komai ba, ta ce idan har ita za a iya ba ta wannan hancin, to kowa ma za a iya ba shi. Mama ta dubi zane talatin da tara da ke kaɗawa a igiya, duk fuska ɗaya, ta ga maganar tana da ƙafa. Fuskarta ta fara saki.

Baba ya juyo wajen surukinsa, ya dafa masa kafaɗa da hannun da ke riƙe da makullin, har ƙarfen yana taɓa wuyan Mita.

"Ɗana, gaya wa mamanku. Hannun naka fuska ɗaya ya iya, kowa ka zana ni ne nake fitowa. Ba laifi ba ne, koyo kake yi. Idan ka samu wuri ka zauna, sauran fuskokin za su zo. Ba haka ba ne?"

Matar Mita ta matso ta taka wa mijinta ƙafa, ta bar ƙafarta a wurin.

Mita ya ji sanyin makullin a wuyansa. Ya hango ƙofar gilashin, da farin bangon, da fitilu biyun. Kalma ɗaya ake nema. Amma kuma ga mutanen layi biyu sun zuba masa ido, ga Tela, ga fensir a bayan kunnensa, kuma an ce koyo yake yi.

Ya gyara murya.

"Baba, ku yi mini afuwa, amma ni ban taɓa zana mutum ya fito wani ba. Mai aski yana can a na farko, kowa ya gan shi. Wannan kam ku ne."

Ya zare allurar, ya juya bayan takardar. Shekara goma sha ɗaya na karatun mita ba su bar shi ya ajiye takarda ba kwanan wata. Ya karanta da muryar aiki: Laraba, goma da kwata na safe, bayan kanti, kwalba ta biyu. Ya ƙara da cewa ya so ya jira ta uku don ya daidaita inuwar hannun, amma yana da gidaje shida da bai karanta ba.

Matarsa ta ɗauke ƙafarta daga kan tasa, don ba sauran amfani.

Mama ta miƙa hannu ta karɓi takardar. Ta duba gaba, ta duba baya, ta ce wa Mita Allah ya yi masa albarka, a duk gidan shi kaɗai ne mai gaskiya. Sannan ta tambayi inda mai kanti yake. Aka duba ba a gan shi ba, kantin ma an ja ƙofarsa.

Baba ya sauke hannunsa daga kafaɗar Mita. Ya miƙa makullin gefe ba tare da ya duba ba, Tela kuwa yana daidai wurin, kamar an auna. Daga nan Mama ta sa Baba gaba suka hau matakala, tana karanto masa abin da likita ya ce tun daga farko.

Kafin azahar jama'a sun kwashe zanen. Kowa ya cire nasa ya tafi da shi, har mai tumatir, wadda ta ce gara ya zauna a hannunta da ya zauna a hannun maƙiya. Kafin la'asar an fara jin guduma a bangon da ke tsakanin shagunan biyu.

Ranar Litinin Mita ya shiga wurin mai aski ya zauna a kujera. Ya ce shagon dama ya yi masa ƙanƙanta, haskensa ma ba na zane ba ne. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ba a bar ko takarda ɗaya a igiya ba, kuma mafi kyawunsu ya samu shiga babban gida. Mama ta manna shi a ƙofar firij, daidai tsayin ido, Baba yana tsayawa gabansa sau uku a rana.

Mai aski ya tambaya ko Baban yana yabawa.

Mita ya ce bai furta ba tukuna, amma duk lokacin da ya kalla yakan daɗe a tsaye, sannan ya ɗaga kai ya dubi silin, daidai inda ɗakin su Mita yake a sama.